Ku Ba Mawaƙi Uwar Waƙarsa

Akwai wata ɓarna da ake tafkawa kullum a ƙananan situdiyoyin Kano. Ba ta da ƙara, ba ta da hayaƙi, shi ya sa ba wanda yake ihu a kanta. Mawaƙi zai tara kuɗinsa, ya nufi wani ɗaki da aka manna wa soso a bango a Fagge ko Sabon Gari, a buga masa kiɗa, ya ɗora murya, 'yan amshi su ɗora tasu, a haɗa, a turo masa MP3 ta WhatsApp. Ya tafi yana murna wai ya karɓi waƙarsa. Alhali hotonta kawai aka ba shi. Ita kanta waƙar tana cikin kwamfutar mai situdiyo, kuma ranar da ma'ajiya ta cika, ko bairos ya shiga aka yi fomatin, ko aka kai kwamfutar Beirut Road aka sayar, shi ke nan, ta tafi ke nan har abada.

Matsayinmu a fili yake: duk situdiyon da ya karɓi kuɗin mawaƙi ya sallame shi da MP3 kaɗai, bai gama aikin da aka biya shi ba. Duk mawaƙin da ya karɓi hakan ya yi godiya, ya sayar da gonarsa ne a kan kuɗin dami ɗaya.

Bari mu fayyace abin da muke kira uwar waƙa, don kada a ce muna magana a dunƙule. Lokacin da ake ɗaukar waƙa a FL Studio ko Cubase, kowane sauti layinsa daban. Muryar mawaƙi layi guda, amshi layi biyu ko huɗu, ganga daban, bes daban, fiyano daban, in an gayyato mai kalangu ko mai gurmi shi ma nasa daban. Waɗannan layuka, a tsarin WAV wanda ba a rage masa komai ba, tare da cikakkiyar waƙar da aka haɗa ita ma a WAV, su ne uwa. Da su ake iya rage kiɗa a ɗaga murya, a cire baiti, a sake haɗawa don fim, a fitar da kiɗa zalla don hawa dandamali. MP3 kuwa furar da aka riga aka dama ce. Wa ya taɓa ware nono daga damammiyar fura?

Ba nan kaɗai matsalar ta tsaya ba. Sautin faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. MP3 ɗin da ya fi yawo a wayoyinmu 128 yake ɗauka. Wato an matse shi kusan sau 11, ta hanyar zubar da sautukan da aka ƙiyasta kunne ba zai lura da rashinsu ba. Abin da aka zubar ba ya dawowa. In wani ya ɗauki wannan MP3 ya liƙa masa tallar shagonsa ya sake fitarwa, an sake zubar da wani abu. In mai haɗa bidiyo ya ɗora shi a kan hoto, an ƙara zubarwa. Kafin waƙa ta zagaya hannu biyar, muryar ta koma kamar ana rera ta daga cikin gwangwani.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan ciwo, domin sana'armu tana da irinsa. Manhajar da kake latsawa a waya daban take da rubutun da aka gina ta da shi. Kamfanin da ya biya aka yi masa manhaja, bai karɓi ainihin rubutun ba, ya zama bawan wanda ya yi masa aikin: ba gyara, ba ƙari, sai abin da wancan ya ga dama. Shi ya sa a wurinmu miƙa rubutun da adana shi a wuri fiye da ɗaya yake cikin ƙa'idar aiki tun ranar farko. Ba mu ga dalilin da zai sa sana'ar sauti ta zama ita kaɗai aka yafe wa wannan ba. Ko telan Fagge yana da littafin awo, in ka koma bayan shekara biyu zai buɗe ya nemo sunanka. Masu hoto na da suna ajiye nagetif, don sun san wata rana za a zo neman wanki na biyu.

Kada wani ya ɗauka muna adawa da situdiyon cikin gida. Alheri ne babba. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da situdiyon Iyan-Tama ya shigo da fiyanon Yamaha cikin harkar waƙoƙin fim, har aka kai ga irin tashen da Sangaya ya yi a 1999, wuraren ɗaukar waƙa a Kano ƙidayayyu ne, sai mai hali ko mai hanya. Yau yaro da laftof, da ƙaramin akwatin sauti, da makirfo ɗaya da ya sayo a Sabon Gari, zai iya abin da a da sai an yi layi. Mai yabon Annabi, da mai waƙar biki, da ɗan hip-hop, da ƙungiyar mawaƙan coci, kowa ya samu ƙofa. Ko a Amurka, kundin Billie Eilish da ya lashe manyan kyaututtukan Grammy a 2020 a ɗakin kwanan yayanta aka ɗauke shi. Amma a lura da abu guda: daga wannan ɗaki an tura layukan sautin ne ga wani ƙwararre ya haɗa, wani kuma ya yi gyaran ƙarshe. Da MP3 kaɗai suka fito da shi daga ɗakin, da babu abin da za a tura wa kowa.

Tarihinmu ma ya ishe mu wa'azi. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, kuma har yau ba a tsayar da adadin waƙoƙinsa ba. Da yawa daga abin da ya rage mana na Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Haruna Uji, kwafin kwafi ne daga kaset zuwa kaset, ga shuu ɗin zare ya cika kunne. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun ƙarar da shekaru suna bin waƙoƙin baka suna rubutawa, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin fitar da baiti daga tsohon kaset ya san wahalar da ke ciki. A gefe guda, kaɗe-kaɗen Hausa da Ba'amurke David Ames ya ɗauka a shekarun 1960, aka fitar a faifai cikin jerin UNESCO, suna nan a ɗakunan ajiya na ƙasashen waje da bayanin kowane kiɗa. Bambancin ba na basira ba ne, na adana ne. Mutanen da suna da uzuri: na'urar tana hannun gidan rediyo da kamfanin faifai. Mu da na'urar take cikin ɗakinmu, wane uzuri za mu ba jikokinmu?

Mun san amsoshin da masu situdiyo suke bayarwa, kuma za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, wai wuri ba ya isa, ma'ajiya kuma tsada. To a yi lissafi. Layi ɗaya na WAV mai inganci, bit 24 a kan 48,000, yana cin kusan megabait 43 a waƙar minti biyar. Layi 30 ya kama gigabait 1.3 ke nan. Ma'ajiya mai terabait ɗaya za ta ɗauki irin wannan waƙa sama da 700. A raba kuɗin ma'ajiyar gida 700 a gani, ko ya kai abin da ake kashewa a man janareta na zama ɗaya? In ma mai situdiyo ba zai ajiye ba, ya ce wa mawaƙi ya zo da filashinsa. Google Drive yana ba kowane mai adireshin Gmail gigabait 15 kyauta, wanda ya isa uwar waƙa goma. Wanda yake da datar ɗora bidiyo a TikTok kullum ba zai ce mana ba shi da ta ajiye aikin da ya ci masa wata guda ba.

Na biyu, wai sirrin sana'a ne, in an ba da layuka wani zai saci salon. Wannan tsoro muna fahimtarsa, amma an sa shi a inda ba wurinsa ba. Ba wanda ya ce a miƙa fayil ɗin aiki da duk saitin da makaɗi ya sha wuya ya gano. Layukan sauti ake nema. In kuma kiɗan mallakar makaɗi ne, haya kawai ya bayar, to a faɗa tun farko, a rubuta, a sa farashi biyu: na haya da na mallaka. Amma muryar mawaƙi fa? Da wace hujja za a riƙe wa mutum muryarsa, ko a goge ta ba da saninsa ba?

Na uku, wai mawaƙa ba sa cika kuɗi. Gaskiya ne akwai masu wannan hali, kuma babu laifi a riƙe uwar waƙa har sai an cika. Hasali ma wannan ya fi riƙe MP3 ƙarfi. Sai dai riƙewa daban, gogewa daban. Mai jingina ba ya ƙona kayan da aka ba shi jingina.

Na huɗu, wai ai fayil ɗin aikin yana nan, duk ranar da aka buƙata za a buɗe. Wannan ita ce yaudarar da ta fi kowacce haɗari. Fayil ɗin FL Studio shi kaɗai ba ya ɗauke da muryoyin, nuni kawai yake yi zuwa inda suke a kwamfutar. In an matsar da su ko an canja kwamfuta, sai ya buɗe fanko. Ga kuma abin da kowa ya sani ba a son faɗa: manhajojin da aka fasa aka saka ba lasisi sun yi yawa a harkar. Aikin da aka gina a kan irin waɗannan, bayan 'yan shekaru, da wuya a sake tara ainihin kayan da za su buɗe shi yadda yake. Kayan aro ba ya rufe katara. WAV kuwa tun farkon shekarun 1990 ake amfani da shi, kuma kowace manhajar sauti tana karanta shi. FL Studio da Cubase duk suna da hanyar fitar da kowane layi daban a lokaci guda. Aikin 'yan mintuna ne.

Na biyar, wai yanzu akwai manhajojin AI masu ware murya daga kiɗa. Akwai su, irin Spleeter da Demucs. Amma hasashe suke yi, kuma an fi horar da su a kan raba waƙa gida huɗu: murya, ganguna, bes, da sauran tarkace. Kalangu ganga ce mai hawa da sauka kamar harshe. A wane gida za a jefa ta? Kukuma da take bin muryar mawaƙi sau da ƙafa fa? Abin da zai fito zai iya yin amfani a wasa, amma ba ya maye gurbin abin da aka ɗauka da makirfo.

Sai batun doka, wanda mawaƙanmu suka fi sakaci da shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare sautin da aka ɗauka na tsawon shekara 50, kuma ba ta amincewa da sayar da haƙƙi sai a rubuce. Doka ta ba ka shekara 50, kai kuma ka bar dukiyar a laftof ɗin da ba ka san ko zai ga baɗi ba. Ranar da rigima ta tashi a kan wane ne mai waƙa, wanda yake da ɗanyar murya da kwanan watan ɗauka ya fi mai MP3 abin nunawa. Ranar da wani kamfanin fim ya nemi kiɗan ba murya, ko aka so fitar da tsofaffin waƙoƙi da sauti mai kyau a Spotify ko Audiomack, mai uwa ne zai ci kasuwa. Ba banza ba Taylor Swift ta sake rera kundinta huɗu sukutum saboda rigimar uwayen waƙoƙinta, har ta saye su a 2025. Ta san inda dukiyar take.

Kuma ajiya a wuri ɗaya ba ajiya ba ce. Gobarar da ta tashi a Universal Studios a 2008 ta cinye ɗimbin uwayen faifai na manyan mawaƙan Amurka, duk da kamfanin ya yi jayayya a kan girman asarar. Mu a Kano ba sai an ba mu labarin wuta ba, mun ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta yi wa dubban shaguna a Maris 2016. Ƙara da wutar lantarki mai zuwa da ƙarfi ta ƙona kaya, da ƙurar hunturu, da zafin bazara, da ɓarayi. Ƙa'idar da muke bi a sana'armu mai sauƙi ce: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ɗaya a situdiyo, ɗaya a gidan mawaƙi, ɗaya a intanet.

Don haka ga abin da muke nema. Mai situdiyo, ka sa miƙa uwar waƙa cikin farashinka, ka rubuta a bango kowa ya gani. Ka sa wa kowane aiki sunan mawaƙi da na waƙa da kwanan wata, ka daina tara fayil goma duk da suna ɗaya. Kafin ka goge aikin kowa, ka kira shi. Mawaƙi, kada ka cika kuɗi sai ka ga layukanka a filashinka, ka buɗe ka saurara. Ku rubuta yarjejeniya ko da a takardar littafin makaranta ce, da Hausa, da shaidu biyu: wa ke da kiɗa, wa ke da murya, wa zai ajiye. Ƙungiyoyin mawaƙa su mayar da wannan sharaɗi ga 'ya'yansu. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda tun 2001 take sa ido a kan abin da ake fitarwa, ta haɗa kai da Jami'ar Bayero a buɗe rumbun sauti inda duk mai so zai kai kwafin aikinsa a adana masa, ba tare da ya rasa haƙƙinsa ba. Mai ikon tacewa ya kamata ya ɗauki nauyin adanawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Waƙar da aka ɗauka jiya da daddare a wani ɗaki a Fagge, wataƙila ita ce wadda za a nema nan da shekara 40 a ce a ji yadda Kano take a zamaninmu. Mai situdiyo, kafin ka danna gogewa yau, ka tambayi mai ita. In kunne ya ji, jiki ya tsira.