Idan Ruwa Ya Kai Rabi, A Juyo Gida



Bazara ta shigo, na ga matasanmu sun fara shirin hawan dutse da kwanan daji, wasu Kufena a Zariya, wasu Yankari. Ban ga laifinsu ba. A Yankari ma yanzu ne aka fi ganin giwaye, domin ruwa ya janye, dabbobi suna taruwa a bakin kogin Gaji. Sai dai ni a ganina, daga Maris zuwa Mayu lissafin ruwa shi ke dawo da mutum gida lafiya.

Zafi yakan wuce digiri 40. Mai tafiyar ƙasa cikin irin wannan rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya. To ina amfanin 'yar gora ɗaya ga tafiyar awa biyar? Shi ya sa nake cewa kowace tawaga ta kafa doka tun daga gida: da ruwa ya kai rabi, a juyo, ko da ana hangen kan dutsen. Wani zai kira wannan tsoro. Ya tuna ayarin gishirin da ke ratsa hamada daga Agadas zuwa Bilma, waɗanda suka gaji tafiyar kaka da kakanni, su ma sai zafi ya sauka suke ɗaura wa raƙuma kaya.

A tashi da asuba, a nemi inuwa da hantsi, kar a sake motsawa sai la'asar sakaliya. A riƙe sukari da gishiri: ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin cokali na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa. Idan abokin tafiya ya fara sambatu ko tangaɗi, zafi ya buge shi ke nan. A kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nufi asibiti.

Wajen kwana, a guji busasshen rafi, don ruwan farko yana iya sauka a nesa, ambaliya ta iske ku kuna barci. A kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama da kububuwa. Kuma kar a shiga ba ɗan jagora na yankin, wanda ya san rijiya, ya san halin tsaro.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dutse yana nan, zai jira ku har sanyi ya shigo.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.