Ranar Cirar Kuɗi: A Hannun Wa Ya Kamata Zaɓinta Ya Kasance?

Kalmar "wata" a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu: farin abin da ke haskawa a sama da dare, da kuma tsawon lokacin da ake ƙirgawa da shi. Muddin ciniki yana tsakanin mutum biyu da suka san juna, wannan harshen-damo ba ya haifar da rigima, domin idan aka ce "sai wata ya kama" kowa ya san ranar da ake nufi. Amma yau akwai nau'in ciniki da ya mamaye rayuwa, wanda a cikinsa kwamfuta ce ke yanke hukuncin ko wata ya cika, sannan ta zare kuɗi daga asusun mutum ba tare da sallama ba. Kallon tashoshin tauraron ɗan'adam, da sayen data, da ajiyar takardu a intanet, da karanta mujallun ilimi na ƙetare, duk sun koma tsarin biyan wata-wata. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wata na kwana nawa, kuma wa ya sa ranar?

Tsarin yana zuwa ne ta fuska uku. Akwai kamfanin da ke ɗaukar ranar da mutum ya yi rajista ya mai da ita ranar biyansa har abada. Wanda ya shiga ranar 17 ga wata, duk 17 ga wata za a cire masa. Akwai wanda ke tsayar da rana ɗaya ga kowa da kowa, galibi 1 ga wata, sai ya caji sabon shiga gwargwadon kwanakin da suka rage kafin ranar. Alal misali, idan kuɗin wata naira 9,000 ne, kuma mutum ya shiga saura kwana 10 watan mai kwana 30 ya ƙare, zai fara da biyan naira 3,000, daga nan ya bi sahun sauran jama'a. Fuska ta uku ba ta da tsayayyar rana sam: ana sayar da adadin kwanaki ne, 30 ko 28, a kira su wata.

A nan ne ya kamata a fara yi wa tsayayyar rana adalci, domin abin da ya faru a Italiya ya nuna irin ɓarnar da rashinta ke jawowa. Daga shekarar 2015 manyan kamfanonin wayar ƙasar suka riƙa sauya lissafinsu daga wata zuwa mako huɗu, wato kwana 28. Farashin da ke rubuce a allon talla bai motsa ba ko da kwabo. Sai dai shekara mai kwana 365, idan aka raba ta kwana 28-28, biya 13 take bayarwa maimakon 12, kuma wannan ƙari ne na kimanin kashi 8.6 cikin ɗari wanda babu wanda ya sanar da shi da sunan ƙarin farashi. Hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, AGCOM, ta tsoma baki a watan Maris na 2017 game da layukan gida, sannan a Disambar wannan shekara majalisa ta kafa dokar da ta wajabta lissafin wata cikakke. Abin da kamfanonin suka yi bayan nan shi ya fi komai tona asiri: sun koma biya 12, amma suka shelanta ƙara kuɗin kowane wata da wannan kaso ɗin dai, don kada abin da suke samu a shekara ya ragu. Ke nan da bakinsu suka tabbatar cewa watan kwana 28 ƙarin kuɗi ne da aka lulluɓe da kalanda. Indiya ma ta sha irin wannan, har sai da hukumar sadarwarta, TRAI, ta umarci kamfanoni a farkon 2022 da su samar da aƙalla tsari ɗaya da ake sabuntawa a rana guda ta kowane wata.

A Nijeriya abin bai kai haka muni ba, amma ɗanɗanonsa yana nan. Datar da ake kira ta wata ɗaya kwana 30 ce. Sau 12 na wannan kwana 360 ne, saura kwana 5 da shekara ke bin mai waya bashi, kuma cikin shekara shida sun taru sun zama biya guda cur. Abin da ya fi wannan damun mai ƙaramin ƙarfi shi ne yadda ranar ke ja da baya sannu a hankali. Ma'aikacin da ya daidaita sayen datarsa da ranar albashi a watan Janairu, kafin ƙarshen shekara zai tarar tana ƙarewa kwana huɗu ko biyar kafin albashin ya shigo, daidai lokacin da aljihu ya fi bushewa.

Saboda haka tsayayyar rana kariya ce. Tana hana a tsuke wata, tana ba mutum damar shiri, kuma matsalolinta na lissafi ƙanana ne da aka daɗe da warwarewa. Wanda ranarsa ta faɗa 31 ga wata, Netflix da makamantansa suna cajinsa a ranar ƙarshe ta watan da bai kai 31 ba. Fabrairu kuwa, ko da yake kwanansa ya fi tsada tunda kuɗin kwana 31 ake biya wa kwana 28, shekara tana rama wa kowa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wanda ya zaɓi ranar. Hausawa na cewa rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Amma a karin maganar, da uwar ɗiya aka zauna aka sa ranar; kunyarta ta rashin cika alkawarin da ta ɗauka ce. A tsarin biyan wata-wata kuwa, ranar ko dai kamfani ne ya sa ta don sauƙin rufe littafinsa, ko kuma tsautsayi ne ya sa ta, wato ranar da mutum ya danna maɓallin rajista ba tare da sanin cewa yana ɗaura wa kansa wa'adi na shekaru ba. A duka biyun an gina tsarin a kan zaton cewa kowa ɗan albashi ne, kuma albashinsa yana sauka a rana sananniya. Wannan zato ya dace da ma'aikacin Jamus ko na Birtaniya. A Nijeriya, ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki ba sa ƙarƙashin tsarin aikin ofis. Dillalin shanu yana ganin kuɗi ranar Juma'a a Wudil ko ranar Alhamis a Maigatari. Manomi yana ganinsu da kaka. Tela yana ganinsu gab da salla. Hatta ɗan albashin, a jihohi da dama, ba zai iya rantsuwa a kan ranar da alat zai shigo ba. Wani watan 25, wani watan sai an tsallaka cikin na gaba.

Sakamakon wannan saɓani a bayyane yake. Kwamfuta ta nemi kuɗi da asubahin 1 ga wata, ta tarar asusu babu komai, ta yanke hidima. Kwana uku bayan haka kuɗin ya shigo. Mutumin bai ƙi biya ba, kuma bai gaza ba. Kalandarsa ce ta saɓa da ta kamfani. Wani lokaci kuma akasin haka ne ke faruwa, kuma shi ya fi ciwo: kuɗin yana nan, amma na magani ne ko na makarantar yara, sai a wayi gari an zare shi don sabunta abin da mai asusun ya manta ma ya taɓa yin rajistarsa.

Abin lura shi ne al'ummar Hausawa ba baƙuwar biya mai maimaituwa ba ce. Adashi tsohon tsari ne na zubi a tsayayyar rana, kuma yana da tsauri. Wadda ta saba makara ba ta daɗewa a cikinsa. Sai dai kafin a fara, uwar adashi takan zauna da masu zubi a daidaita: kullum za a zuba, ko ranar kasuwa, ko duk Juma'a, ko ƙarshen wata? Ranar tana bin hanyar samun masu zubi ne. Wannan ita ce hikimar da manhajojin zamani suka rasa, duk da cewa su ne suka fi kowa ikon aiwatar da ita. A zamanin da akawu ke rubuta takardun caji da hannu, tara kowa a rana ɗaya yana da hujja. Yau na'urar da ke iya tuna ranar rajistar mutum miliyan goma ba za ta gaji ba don an ce ta tuna ranar da kowannensu ya zaɓa. Kamfanonin wuta da na katin bashi a Birtaniya sun daɗe suna barin abokin ciniki ya zaɓi ranar da za a cire masa, kuma ba a ji sun karye ba. M-KOPA, mai sayar da fitilun sola da wayoyi bashi a Kenya da wasu ƙasashen Afirka, ya gina kasuwancinsa ne a kan biyan kullum-kullum, saboda ya gane haka kuɗi ke shiga hannun abokan cinikinsa.

Za a iya cewa wanda bai so a cire masa kai tsaye ba sai ya kashe tsarin ya riƙa biya da hannunsa. Gaskiya ne a takarda. A aikace, shiga dannawa ɗaya ce, fita kuwa sai an bi lungu-lungu cikin shafukan da aka rubuta da Ingilishin lauyoyi. Shi ya sa wasu ƙasashe suka ɗora nauyin a kan mai karɓa. Tun Oktoban 2021 Babban Bankin Indiya ya wajabta a sanar da mai kati aƙalla awa 24 kafin duk wata cira mai maimaituwa, tare da ba shi damar dakatar da ita. A tsarin cirar kai tsaye na ƙasashen da ke amfani da yuro, mai asusu yana da mako takwas da zai iya neman a mayar masa da kuɗinsa ba tare da ya kawo dalili ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya soke tsayayyar rana. Sun dai hana ta zama kwanton ɓauna.

Akwai ɓangaren wannan batu da ya shafi masana harshe kai tsaye. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta 2018 ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙi da zai fahimta. Ga mai jin Hausa, fassara sharaɗin da "duk wata" ba ta cika wannan haƙƙi ba. Dattijon da ke ƙirga da watan sama yana da wata mai kwana 29 ko 30 da shekara mai kwana 354. Kamfanin waya yana da nasa mai kwana 30. Kamfanin ƙetare yana da na kalandar Miladiyya, kuma yana iya cirewa bisa agogon wata ƙasa, ta yadda 1 ga watansa ta kama tun daren 31 a Kano. Uku ne mabambanta da kalma ɗaya ke rufewa. Har yanzu ma ba a daidaita kalmomin Hausa na wannan fage ba, shi ya sa saƙonnin da kamfanoni ke turowa suke cakuɗa aro da fassarar kalma-da-kalma. Ana buƙatar a bambance "biyan wata-wata a tsayayyar rana" da "sayen kwana 30", a kuma samar da lafazi guda na "sabuntawa da kanta" wanda mai sauraron rediyo a Gumel zai gane cewa ma'anarsa za a taɓa asusunsa ba tare da an sake tambayarsa ba.

Abin da ya rage ga hukumar kare masu saye da Babban Bankin Nijeriya bai fi sharuɗɗa kaɗan ba: a tambayi mutum ranar da yake so tun a shafin rajista, a bar shi ya sauya ta idan hanyar samunsa ta sauya tare da lissafa masa kwanakin da ke tsakani, kuma saƙon gargaɗi ya iso wayarsa kafin cira, da harshen da ya zaɓa, ɗauke da adadin kuɗin da kwanan watan a rubuce da lambobi.