Tsadar Takarda: Rama Ta Fi Baƙon Itace

Duk mai sayar da littattafan rubutu a Kasuwar Kure da ke Minna ya san cewa farashin bandir ɗin takarda yana bin sawun dala ne. Dalili kuwa shi ne, akasarin takardar da ake amfani da ita a Nijeriya daga ƙetare take zuwa.

Gwamnatin tarayya ta kafa masana'antun takarda uku, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin. Na Jebba, wanda ke dab da iyakar Jihar Neja, ya fara aiki a 1969. Sai dai itacen malaina da aka shuka dominsu gajeren zare yake bayarwa, dole a haɗa shi da ƙullin takarda mai dogon zare daga waje. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, sayen ƙullin ya gagara, ayyukansu suka durƙushe a shekarun 1990.

Wannan giɓi ne ke sa a waiwayi itacen malberi na takarda, ɗan asalin gabashin Asiya. Ɓawonsa na da dogon zare mai ƙarfi. Da shi Japan da Koriya ke yin takardarsu ta gargajiya, mutanen tsibiran Pasifik kuma suna buga shi su yi tufafi. Yana saurin girma, dabbobi na cin ganyensa.

Amma kafin ɗan kasuwa ya zuba jarinsa, ya dubi Gana. An kai itacen can a 1969 domin gwajin yin takarda, masana'antar ba ta samu ba, shi kuwa ya bazu cikin dazuzzukan gwamnati da gonaki, ana sarewa yana tohowa daga saiwa. A Islamabad ta Pakistan, garin furensa ya jawo wa jama'a ciwon asma.

Ga rama kuwa, wadda manoman Arewa suka gada kaka da kakanni. Ɓawonta na da dogon zare, cikin damina ɗaya take nuna, idan ciniki ya ƙi manomi ya koma dawarsa baɗi.

Saboda haka abin da ya kamaci 'yan kasuwa da gwamnatin Jihar Neja shi ne su fara samar da injin sarrafa ƙulli da tabbataccen mai saye, sannan a ƙulla yarjejeniya da manoman rama. Shuka kafin kasuwa ita ce kuskuren da Gana ta yi, bai kamata Neja ta maimaita shi ba.