Shara Kashi Uku Ce: Wanne Doka Za Ta Bi?



Duk wanda ya bi lungunan Tudun Jukun bayan ruwan farko na damina ya san abin da kwata take amayarwa. Da wuya ya ga ƙarfe, ko gwangwanin lemo, ko tsohuwar tukunya. Abin da zai gani shi ne baƙar leda, da ledar fiya wata, da farin mazubin abincin nan mai kama da soso, da famfas ɗin yara. Dalili a fili yake: abin da ke da kuɗi an riga an tsince shi tun kafin hadari ya haɗu, abin da ba mai saye ne ya rage mana.

A kan wannan muke so mu yi magana, domin kwashe shara aiki ne da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa shi cikin ayyukanta, tare da kula da makewayin jama'a da ƙazamin ruwa. A ranar 11 ga Yuli, 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka muna da 'yancin sa ran Ƙaramar Hukumar Zariya, tare da hukumar kare muhalli ta jiha, wato KEPA, za su kafa ƙa'idar rarraba shara domin a sake sarrafa ta. Muna goyon bayan hakan. Amma kafin a rubuta kowace ƙa'ida, akwai tambayar da ya kamata a amsa: wace shara ce za a ƙirga?

A ganinmu, sharar gidajenmu kashi uku ce. Akwai wadda ƙasa take ci, akwai wadda kasuwa take saye, akwai kuma wadda ba mai so.

Mu fara da wadda kasuwa take saye, tunda ita ce ke fara zuwa zuciya in an ce sake sarrafawa. Ƙarfe, tagulla, alminiyam, fasassun bokitai da kujerun roba, gorunan ruwa da na lemo. Waɗannan ba su taɓa jiran doka ba. 'Yan bola jari suna bi gida gida suna saye ko su tsinta, su kai wa 'yan gwangwan a ɗora a sikeli. Masu zubin tukwane suna narka alminiyam su fitar da sabuwar tukunya. Iyayenmu mata masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa suna sayen gora su wanke su sake zubawa. In hukuma ta tashi ta ce nasararta ita ce yawan tan na ƙarfe da roba da aka tara, to ta ƙirga gumin wasu ne ta sa a rahotonta, kwatarmu kuwa tana nan a toshe.

Nan ne haɗarin awo da nauyi yake. Tsohon gatari ɗaya ya fi buhun ledar fiya wata nauyi, amma gatari bai taɓa toshe kwalbati ba. A jaka ɗaya ta fiya wata akwai leda 20. Biki ko taron da aka sha jaka 25 ya bar leda 500 a ƙasa, kuma yaro ƙarami zai iya ɗaukarsu duka da hannu ɗaya. Dokar da ke auna nauyi ba za ta ga waɗannan ba sam. Ya kamata a auna ta da ɓarnar da ta hana.

Kashi na biyu shi ne wanda ƙasa take ci: toka, ɓawon doya da na dankali, ragowar tuwo, ganye, kashin awaki da na kaji, sharar tsakar gida. Kakanninmu ba su ɗauki wannan a matsayin ƙazanta ba. Taki ne. Tun da daɗewa manoman kewayen Zariya da Kano suke shigowa gari da jakuna da mangala su kwashi juji su kai gona kafin shuka. Wannan ita ce sake sarrafawa mafi tsufa da muke da ita, kuma yau da buhun takin zamani ya gagari ƙaramin manomi, darajarta ƙaruwa ta yi. Abin da ya ɓata ta shi ne cakuɗawa. Manomin da ya zuba juji a gonarsa yanzu sai ya bi yana tsince leda da fasassun kwalabe da batir. Ledar da ta tsere masa tana hana saiwa tafiya, akuya ko saniya ta haɗiye ta, cikinta ya cushe, ta rame ta mutu. Don haka muna roƙo a sa wannan kashi cikin lissafi. Gidan da ya ware tokarsa da ɓawonsa tsaf, babu leda a ciki, ya cika doka kamar wanda ya tara gora ɗari.

Kashi na uku shi ne inda ya kamata doka ta sa ƙarfinta duka. Leda da mazubin abinci da famfas ba su ruɓewa cikin damina ɗaya ko goma. In an ƙone su, hayaƙin ya shiga ƙirjin jarirai da tsofaffi da masu asma. In an jira ruwan sama a juye su a kwata, sai ruwa ya rasa hanya ya koma cikin ɗakuna, ya kwanta ya haifi sauro, ya haɗu da masai ya gurɓata rijiya, daga nan sai amai da gudawa. Abin da ya samu wucewa kuma ya gangara Kubanni, Kubanni ta miƙa wa Galma, a bakinsu kuwa ake noman lambun da muke sayen alayyafonsa da tumatirinsa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A cikin wannan kashi akwai masu guba da masu rauni, waɗanda suke bukatar mazubinsu daban: allura da sirinji daga kemis da ƙananan asibitoci, magungunan da suka lalace, robar maganin feshi, batiran tocila da na mota da na sola. Batirin mota yana ɗauke da dalma. Jihar Zamfara ta nuna mana a 2010 abin da gubar dalma take yi, lokacin da yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan da ake sarrafa duwatsun zinariya. Can daga ma'adini ta fito, amma gubar ɗaya ce da wadda ke cikin batirin da ake fasawa a bayan gida.

Wani zai ce, me ya sa ba za a hana leda gaba ɗaya ba? Ruwanda ta yi haka a 2008, Kenya ta bi a 2017, Jihar Legas ma ta haramta farin mazubin abincin nan a Janairun 2024. Game da baƙar leda da mazubin abinci, muna ganin za mu iya, domin iyayenmu sun je kasuwa da kwando da jaka ba su rasa komai ba. Amma ledar fiya wata daban take. A unguwar da famfo yake yin kwanaki bai kawo ruwa ba, ita ce ruwan shan talaka. Hana ta kafin a wadata mutane da ruwa zalunci ne. Abin da ya dace shi ne wanda ya ci ribarta ya ɗauki nauyin ledarsa. Motocin da ke raba fiya wata suna shigowa cike su koma wayam. Ƙaramar hukuma za ta iya shardanta cewa kowace mota ta koma da buhunan ledar da shaguna suka tara, a kai wa masu narka ta.

Akwai kuma wanda muke so a ƙirga, ba shara ba ne, mutum ne: ɗan bola jari. Mun san ƙorafin da ake yi, kuma ba ƙarya ba ne. An sace wayoyin wuta, an cire murafun kwalbati, an ɗauke tukunyar mutane a ƙofar gida. Gwamnatin Borno ta haramta sana'ar a 2023, hukumomin Abuja ma sun hana ta a cikin birni a farkon 2025. Amma laifin ɓarawo bai kamata ya hana mai gaskiya cin abinci ba. A Littafin Firistoci sura 19, Allah ya umarci masu gona su bar kala domin matalauta da baƙi, kuma da kala Rut ta ciyar da surukarta Na'omi. Juji shi ne gonar da waɗannan samari suke kala a cikinta. A yi musu rajista, a ba su katin shaida da safar hannu, a sa masu sikeli su rubuta sunan wanda ya kawo kaya, a kuma hana ƙananan yara tonon juji inda allura take. In aka biya su wani abu kan kowane buhun leda, za mu ga leda ta yi ƙafa.

Sai mu ja kunnen hukuma kan abu ɗaya: kada tara ta riga mazubi zuwa. Tun zamanin Buhari da Idiagbon, a 1984 da 1985, muka saba da tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata. Mun san yadda takan ƙare: a yashe kwata, a tara a bakin titi, mota ba ta zo ba, ruwa ya maida komai inda aka ɗebo shi. Uwar da ke gidan haya da iyali shida, ba wurin zubarwa, ba ranar kwasa, in an ci ta tara an zalunce ta. A fara ajiye wurin tarawa a kowace unguwa, a sanar da ranar da mota ko kura take zuwa, a cika alkawari. Bayan haka wanda ya ƙi bi ya ɗanɗana kuɗarsa.

Mu kuma ba sai mun jira ba. Bayan Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar, bai sallami almajiransa ba sai da suka tattara gutsattsarin da ya rage, kwando 12, kamar yadda Yohanna sura 6 ta nuna. Wanda yake da ikon yawaita gurasa bai yarda a yi ɓarna ba. Mu fara daga harabar majami'a. Bayan sujada, bayan biki, bayan taron zumunta, a ajiye tsohon bokiti na abin da zai zama taki, buhu ɗaya na gora da gwangwani, buhu ɗaya na leda. Kuɗin gorar ya shiga asusun matasa. Kowannenmu ya kai wannan tsari gidansu, ya koya wa ƙannensa.

Daga nan mu nemi matasan maƙwabtanmu Musulmi, domin kwata ɗaya muke sha wa wahala, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu je tare wurin mai unguwa, mu je wurin kansila, da ladabi da takarda a hannu, mu ce ga abin da muke so a rubuta: a ƙirga taki, a ɗora wa masu leda nauyin ledarsu, a keɓe masu guba, a san da zaman 'yan bola jari, a kawo mazubi kafin tara.

Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima, ya ba mu zuciyar biyayya da hannuwan aiki, ya kiyaye yaranmu daga cuta a wannan damina. Amin.