WAYE JARUMIN JARUMAI? MU FARA TAMBAYAR BADALA

Jama'a, wannan musu na waye jarumin da ya fi kowa a tarihi ya ƙi ƙarewa a majalisunmu, musamman tunda aka fara fassara mana fina-finan yaƙi na Turkiyya. Wannan ya ce Iskandar na Masedoniya, wancan ya ce Jangis Khan, wani ya ce duk ku yi shiru, Khalid bin Walid ne. Har da masu cewa da za a haɗa sojan Rum da dakarun Mongol a fili ɗaya wa zai ci? Hira ce mai daɗi, ni ma ina sonta. Amma a ganina tambayar ce ba a ɗora ta daidai ba, kuma mu ƴan cikin badala bai kamata mu je nesa neman amsa ba.

Ra'ayina a taƙaice: jarumi shi ake yi wa kirari, amma abin da ke bayansa shi ke cin yaƙi. Abinci, ruwa, maƙera, dawaki, tsari, da kuma haɗin kan masu ba da umarni.

Mu fara da gida. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Daga baya aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, aka ƙara zamanin Muhammadu Nazaki. To me ya sa suka kewaye fili mai yawa haka, har da Dala da Gwauron Dutse, alhali gidajen mutane ba su cika shi ba? Lokacin da Bajamushen nan Barth ya zo a 1851 ya tarar da gonaki da fili fetal a cikin birni. Ba ɓarnar ƙasa suka yi ba. Lissafi ne. In abokan gaba sun kewaye gari, akwai inda mutanen ƙauye za su shigo da dabbobinsu, akwai inda za a yi noma, ga kududdufai da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini sun zama ma'ajiyar ruwa. Wanda ya yi wannan tunani bai zare takobi ba, amma Allah kaɗai ya san rayukan da ya tsare.

Ku dubi Sarki Kanajeji, 1390 zuwa 1410. Shi aka ce ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Ko kun san dalili? Asarar mayaƙa ce ta yi yawa a yaƙin Umbatu. Bai tsaya yana cewa mazajen Kano ba sa tsoron mutuwa ba, sai ya nemi abin da zai tare kibiya. Kuma lifidi ɗaya ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai manomin auduga, sai masaƙi, sai maɗinki, sai baduku ya yi sirdi da linzami, sai maƙeri, sai mai yankan ciyawar doki. Duk barden da ka gani a kan ingarma, akwai jerin masu sana'a da suka ɗora shi a kai.

Haka abin yake a ko'ina. Mongol da ake ta zuzutawa, ƙarfinsu ba a fushi yake ba. An tsara su goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu har dubu goma, kowane mahayi yana jan dawaki fiye da ɗaya, ga zango-zango na isar da saƙo. Da wannan tsari suka rushe Bagadaza a 1258. Amma shekara biyu kacal bayan haka, a Ainu Jalut, Mamalik na Masar ƙarƙashin Ƙuɗuz da Baibaras suka karya su, a lokacin da Hulaku ya janye mafi yawan rundunarsa. Salahuddin a Hiɗɗin, 1187, sai da ya raba sojan Salibiyya da ruwa cikin zafin watan Yuli, ƙishi ya gama rabin aikin. Hannibal kuwa ya yi wa Rumawa kisan da ba su taɓa gani ba a Kanne, shekara 216 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma a ƙarshe Rum ce ta ci yaƙin, don ita tana iya tara sabuwar runduna, shi kuwa yana nesa da gida, agaji ba ya isowa yadda ya kamata.

Wani zai ce, Malam, ina ka bar zuciya da imani? Gaskiya ne, kuma ba na musun wannan. A Tabkin Kwatto cikin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ne ke da lifida da yawan dawaki, jama'ar Shehu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo mafi yawansu ƴan baka ne a ƙasa, amma su suka yi nasara. Haka Yarmuk a 636. Sai dai ku lura, Sayyidina Umar (RA) da kansa ya cire Khalid daga shugabancin runduna, kuma futuhat ba su tsaya ba. Shi ne kuma ya kafa diwani, aka rubuta sunan mayaƙa aka yanka musu abin da za a riƙa ba su. Imani bai hana shi buɗe rajista ba. Ni da nake aikin ofis, wannan wuri yana burge ni ƙwarai.

Zuciya kuma tana da iyaka in zamani ya canza. A Tondibi cikin 1591, Askiya Ishaƙ na biyu ya fi sojan Maroko yawa nesa ba kusa ba, amma Judar Pasha ya zo da bindiga, daular Songhai ta watse. Ba wanda zai ce mutanen Songhai ragwaye ne.

Ita kanta ganuwar tamu ba ta tsare garin da shugabanninsa suka rabu ba. Zamanin Sarki Dadi, bayan 1670, Kwararrafa sun shigo ta Ƙofar Gadon Ƙaya suka yi ɓarna a cikin birni. Tarihin Kano ya ce Sarki ya so fita ya tare su, manyan gari suka ƙi. Sannan ranar 3 ga Fabrairu 1903, Kanal Morland ya zo da soja ba su kai dubu ba, da igwa da bindiga mai ruwa. Sarki Alu yana Sakkwato da mafi yawan mahayansa. Yini ɗaya aka shiga garin. Waɗanda suka tsaya sun tsaya, Waziri Ahmadu ma ya rasu a Kwatarkwashi yana fuskantar Turawa, Allah ya jiƙansu. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci ba. Kayan aiki ne suka tsufa, kuma gida bai haɗu ba.

To ina amfanin duk wannan a yau? Abu biyu.

Na farko, tsaro. Kullum in ƴan bindiga sun kai hari a Zamfara ko Katsina ko Sakkwato, sai ka ji ana cewa ina ma a samu gwarzo ɗaya ya gama da su. Ba gwarzo muka rasa ba. Yaran da ke kwana a daji da kaki ƴaƴanmu ne, kuma suna mutuwa. Tambayoyin da ya kamata mu dame shugabanni da su marasa daɗin ji ne: alawus ɗinsu na isa kan lokaci? Motarsu na da mai? In an kira waya daga ƙauye, minti nawa kafin a zo? Iyalan wanda ya rasu sun karɓi haƙƙinsu? Duk wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur ya san takarda ɗaya in ta kwana wata uku a durowa, wani ne can yake biya da ransa. Mu ma'aikata muna cikin wannan lissafi, kada mu cire kanmu.

Na biyu, badalar kanta. Muna musu kan Jangis Khan a waya, ganuwar da ta haura shekara 800 tana narkewa a gabanmu. Nan an yanka fuloti, can an yi shaguna, gaba an mayar da ita juji, wani ma ɗibar ƙasar yake yi. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO tana neman a amince da su, har yau ba ta wuce nan ba. Wa zai karrama abin da masu shi ke sayarwa?

Don haka in an matsa mini sai na faɗi gwarzona, zan ce talakan Kano da ya ɗauki ƙasa a ka, ya kwaɓa, ya mulmula tubali, aka jera har ya zama ganuwa, ba a rubuta sunansa ko'ina ba. Shi da maƙeri da baduku da manomi.

Shawarata, ranar Asabar ɗin nan ka ɗauki yaranka ka kai su Gidan Makama, daga nan ku bi ta Ƙofar Na'isa zuwa Dukawuya su ga ragowar badala da idonsu tun tana nan. Wanda yake da wani ra'ayi, bisimilla, a kawo hujja, ban da zagi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu.