Kwanson harsashi shaida ne, me ya sa muke sharewa?

Duk ƙauyen da 'yan bindiga suka afka wa a Zamfara ko Katsina, da gari ya waye za a tarar da kwansunan harsasai warwatse a ƙasa. Yara kan tsince su, wasu a sayar wa masu gwangwan. Kusan kowane kwanso kuwa ɗauke yake da rubutu a gindinsa, galibi lambar masana'antar da ta ƙera shi da shekarar da aka yi shi. Wannan ɗan rubutu shi ne mafarin gano inda harsashin ya fito.

Bindigar AK-47 tana iya shekara da shekaru a hannun ɗan ta'adda, amma ba harsashi ba ta da amfani, dole a riƙa kawo masa shi kullum. Harsashin da take ci, mai girman 7.62x39, an ƙera shi birjik a Tarayyar Sobiyat da Sin da gabashin Turai tun zamanin yaƙin cacar baka, kuma idan ya sami ajiya mai kyau yakan tashi bayan shekaru da dama. Shi ya sa tsohon kayan soja da aka manta a rumbu yake da kasuwa a daji.

Ƙungiyar Conflict Armament Research mai mazauni a Birtaniya ta bi wannan sawu. A rahotonta na 2020 kan makaman da aka ƙwace a Kaduna da Katsina da Zamfara, ta gano wasu sun fito daga rumbunan Libiya, wasu daga na Kodebuwa, wasu kuma daga na jami'an tsaron Nijeriya kanta. Mun saba ɗora laifi a kan faɗuwar Gaddafi a 2011, alhali ɓarakar har da ta cikin gida. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce bindigogi 178,459 na 'yan sanda sun yi ɓatan dabo, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Idan bindiga mai lamba a jiki ta ɓace haka, ina ga harsashi?

Matsalar ita ce lambar rukuni a jikin akwati ake bugawa. Da zarar an fasa akwatin an zuba harsasai a buhu, sawu ya ɓace. Brazil ta tilasta buga wannan lamba a kan harsasan da ake sayar wa jami'an tsaronta. Da aka kashe 'yar majalisar birnin Rio, Marielle Franco, a 2018, kwansunan da aka tsinta sun nuna rukunin da aka sayar wa 'yan sandan tarayya ne a 2006. Kamfanin DICON na Kaduna, wanda aka kafa a 1964, yana ƙera harsasai, don haka Nijeriya na da inda za ta soma.

Tsohon harsashi yana kisa ko bai bar bariki ba. Ranar 27 ga Janairun 2002 rumbun makaman barikin Ikeja ya tarwatse, mutane fiye da dubu suka mutu, yawancinsu sun nutse a magudanar Oke-Afa garin gudu.

A 2021 an kafa Cibiyar Hana Yaɗuwar Ƙananan Makamai ƙarƙashin ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaro, a 2023 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tsarin kula da harsasai. Abin da ya rage wa Majalisar Tarayya shi ne ta tilasta ƙidayar rumbuna da lalata rarar da ta tsufa, a kuma wajabta wa jami'ai tattara kwansuna bayan kowane hari kafin masu gwangwan su riga su.