Wufa a motar da ba ta da rufi: shi ya saya, mu muke sha

Jama'a ƴan kasuwa, maza da mata, kun san motar da muke nufi. Ƴar ƙarama ce mai ƙofa biyu, rufinta a naɗe a baya, kafin ka hango ta ƙirjinka ya riga ya ji ta. A Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, irin waɗannan motoci ba su da yawa, amma guda ɗaya in ta tsaya a bakin kasuwa ta isa ta hana layi guda ciniki. Mu ma'aikatan rediyo da sauti muke cin abinci, kiɗa ba abokin gabarmu ba ne. Don haka ne ma muke ganin ya kamata mu faɗa muku yadda abin yake.

Wufa lasifika ce babba wadda aikinta ɗaya ne: fitar da kaurin sauti, irin dukan ganga da ake ji a ciki kafin a ji a kunne. Ana rufe ta cikin akwati a ajiye a bayan mota. A mota mai rufi, gilasai a ɗage, sautin yana taruwa a ciki kamar a ɗaki, kaɗan ma ya ishi mai ita. Motar da ba ta da rufi kuwa ba ta riƙe komai. Igiyar sauti mai kauri tana iya wuce mita 8 a tsawo, ta fi motar kanta nesa ba kusa ba. Sai ta fice sama da gefe, mai mota ya ji kamar an cuce shi, ya ƙara murɗawa. Shi yana jin kaɗan, mai tumatir da ke zaune a gefen titi tana jin sauran. Kuma kaurin sauti ba ya jin katanga, balle zana ko kwanon rumfa.

Ga kuma wurin ajiya. Ɗauki Peugeot 206 CC da aka fara fitarwa a 2000: rufinta bayan motar yake shiga idan an naɗe shi, ya cinye fiye da rabin wurin kaya. Ɗan abin da ya rage shi za a cusa wa akwatin wufa da amfili. Akwatin da ya yi wa lasifika kaɗan ba ya ba da daɗin sauti, sai gurnani da karkarwar ƙarfe. Kuɗi sun tafi, daɗi bai zo ba. Wannan dai asararsa ce, ba mu da ta cewa.

Inda muke da ta cewa shi ne kunne. Ɗan kasuwa da kunne yake ciniki. "Nawa?" "Albarka." "Ƙara dala biyar." "Na sallama." In an ce jikka biyu ka ji jikka uku, rigima ta tashi, mai saye ya wuce rumfar gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya jure sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da lahani ba, amma in ya kai 90, awa 4 kawai. A 2015 hukumar ta yi kashedin cewa matasa sama da biliyan 1 a duniya na cikin haɗarin rasa ji saboda yawan ƙarar kiɗa. Mai mota in ya murɗa, ba wufa kaɗai ke tashi ba, har ƙananan lasifikun ƙofa masu tsinin sauti, su ne ma suka fi cin kunne. Ƴan ƙananan gasun da ke can cikin kunne, waɗanda ke kama sauti, in sun mutu ba sa sake tsirowa, babu allura babu sassaƙe. Mai mota minti goma zai yi ya tafi. Uwarmu mai sayar da ƙuli tun safe take wurin har la'asar, goyo a baya, ga injin niƙa, ga kabu-kabu, ga janareto, sannan a ƙara mata da wannan. An ce kunne ya girmi kaka, to ai bai kamata a wulaƙanta shi haka ba.

Abin da ya fi tsorata mu kuwa wuta ce. Batirin mota bolt 12 ne. Amfili mai wat 600 na gaskiya, in an buɗe shi, yana jan amfiya 50 ko fiye, alhali dinamon ƙaramar mota an yi shi ne daidai fitilu da injin da ɗan rediyo. Shi ya sa kuke ganin fitilar mota tana lumshewa tare da kiɗa. Irin wannan wuta tana son waya mai kauri, kuma dole a sa fiyus dab da batiri, kafin wayar ta ratsa jikin mota zuwa baya. Wanda ya sa siririyar waya don rage kuɗi, ko ya tsallake fiyus, ranar da ƙarfe ya yanki robar wayar za ta yi ja kamar garwashi a ƙarƙashin kujera. Yanzu ku dubi inda ake ajiye motar: kusa da teburin ƴan bumburutu da kwalaben mai a jere, kusa da atamfa da katifa da leda. Manyanmu ba su manta gobarar Babbar Kasuwar Yamai ta 1982 ba. Ba mota ce ta jawo ta ba, amma ta nuna mana abin da wuta ke yi in ta samu kasuwa.

Mu faɗa wa juna gaskiya kuma, wufar nan a kasuwa aka saye ta, wajen ɗayanmu. Kwali ya rubuta wat 2000 da manyan baƙaƙe, mai shago ya san ƙarfin gaskiya shi ne wanda aka rubuta ƙanana da alamar RMS, sau da yawa bai kai rabin rabin wancan ba. Faɗa wa yaro gaskiya ba ya rage riba. Ka haɗa masa da waya mai kauri da fiyus, ka tura shi wajen mai gyaran wutar mota da ya san aikinsa, ka ci riba sau uku. Haka masu maganin gargajiya da masu tura waƙa a waya, da suka kafa lasifika a bakin rumfa tana maimaita magana ɗaya tun hantsi: da wane baki za mu tsawata wa mai mota in namu ya fi nasa?

Ba mu ce a kama kowa ba, ba mu ce a kwance wa kowa kayansa ba. Wanda ya sayi motarsa da guminsa ya ji kiɗansa a hanyar Dakwaro ko ta Mirya, inda babu mai ciniki sai gonaki. Abin da muke roƙo wajen shugabannin ƴan kasuwa da hukumar gari ƙarami ne: allo a kowace ƙofar kasuwa mai cewa a kashe kiɗa, wurin ajiye motoci nesa da masu sayar da mai, da izini ga masu gadi su yi magana ba tare da an tambaye su ko sun san ɗan wane ne ba. Kuɗin tikitin da ake karɓa hannun mai tallar goro kowace safiya ya isa ya sayi allon da fentinsa.